Geoffrey Hartman (1929–2016)

Geoffrey Hartman masanin adabi ne ɗan Amurka, Bayahude haifaffen birnin Frankfurt na Jamus. An haife shi ranar 11 ga Agusta, 1929, ya rasu a Hamden, jihar Connecticut, ranar 14 ga Maris, 2016.

Yana da shekara tara, a 1939, aka fitar da shi zuwa Ingila ta shirin Kindertransport, wanda ya kuɓutar da yara kusan 10,000 daga hannun 'yan Nazi. Sharuɗɗan shirin ba sassauci: yaro bai kai shekara 17 ba, zai tafi ba uwa ba uba, kuma sai an ajiye jinginar fam 50 a kansa. An sauke Hartman da wasu yara maza a ƙauyen Waddesdon, a gandun attajiri James de Rothschild. Sai 1945 ya sake haɗuwa da mahaifiyarsa a New York.

Ya yi digirin farko a Kwalejin Queens a 1949, ya kammala digirin digirgir a Jami'ar Yale a 1953. Bayan koyarwa a jami'o'in Iowa da Cornell, ya koma Yale a 1967. Littafinsa na 1964 kan waƙoƙin William Wordsworth, mawaƙin Ingila, shi ya fito da sunansa. A lokacin mutane da yawa na ɗaukar Wordsworth mawaƙin tsaunuka da ƙoramu kawai. Hartman ya bi baitocin ɗaya bayan ɗaya ya nuna fargaba da kokawar zuci da ke ƙarƙashinsu. Ana lissafa shi cikin rukunin masana adabi da ake wa laƙabi da "manazartan Yale" tare da Paul de Man da J. Hillis Miller da Harold Bloom, ko da yake wannan laƙabi bai dace da shi sosai ba.

Aikinsa da ya fi tasiri a wajen aji shi ne taskar Fortunoff, inda ake adana shaidar waɗanda suka tsira daga kisan kiyashin Yahudawa a bidiyo. An fara naɗar bidiyon a New Haven, garin da Yale take, a 1979, Hartman ya yi tsayin daka aka mayar da kaset-kaset ɗin zuwa Yale a 1981. Matarsa Renée, wadda ta tsira daga sansanin 'yan Nazi na Bergen-Belsen, na cikin waɗanda aka fara naɗa. Ƙa'idar hirar ita ce mai tambaya ya taƙaita baki, ya bar mai ba da shaida ya ja akalar labarinsa, don yawan katsewa kan sa mutum ya koma amsa tambaya kawai. Taskar na ɗauke da shaidu sama da 4,400.