Sun Jianyun

Sun Jianyun (1914–2003) malamar tai chi ce (wata dabarar faɗa da motsa jiki ta gargajiyar Sin) 'yar ƙasar Sin, kuma autar Sun Lutang, mutumin da ya kafa salon tai chi na gidan Sun. Bayan rasuwar mahaifinta da yayanta, ita ce ta riƙe ragamar wannan salo tsawon shekara arba'in a birnin Beijing. Salon Sun shi ne mafi ƙarancin shekaru a cikin manyan salo biyar da ake kira da sunan gidajen da suka fito: Chen, Yang, Wu na Hao, wani Wu na daban, sai Sun.

Mahaifinta da malamansa

Ba a fahimtar Jianyun sai an fara da mahaifinta. Sun Lutang ɗan lardin Hebei ne, ya taso cikin talauci, kuma ba da tai chi ya soma ba. Xingyi ya fara koya, dabarar faɗa mai kai hari kai tsaye, a hannun Li Kuiyuan, daga baya aka miƙa shi ga malamin Li ɗin, Guo Yunshen. Daga nan ya koyi bagua, wadda ake yi ana zagaya da'ira, a wurin Cheng Tinghua a Beijing. Sai da ya haura shekara hamsin, sunansa ya riga ya zaga gari, sannan ya haɗu da Hao Weizhen, wani malamin tai chi, wanda ya zo Beijing baƙo ya kwanta rashin lafiya. Sun ya ɗauke shi ya yi jinyarsa, shi kuwa da ya samu sauƙi ya saka masa da koya masa tai chi.

Ta nan silsilar ta haɗu da tushe. Hao almajirin Li Yiyu ne, Li ya ɗauka daga kawunsa Wu Yuxiang, Wu kuma ya yi karatu wurin Yang Luchan, wanda ya kafa salon Yang, da Chen Qingping na gidan Chen. Sun ya haɗa abin da ya samu daga fannonin uku ya fitar da nasa salon. Tun daga 1915 ya riƙa wallafa littattafai a kan waɗannan dabaru, a zamanin da yawancin malamai ke ɓoye iliminsu sai ga almajiran cikin gida. Ya rasu a 1933.

Rayuwarta

An haifi Jianyun lokacin mahaifinta ya manyanta, ta fara koyo a hannunsa tun tana yarinya. Da ya koma kudu aiki a makarantar dabarun faɗa ta lardin Jiangsu da ke Zhenjiang, ta bi shi, kuma tun ba ta kai ashirin ba aka damƙa mata ajin mata. A lokacin ba kasafai ake ganin budurwa a gaban aji irin wannan ba. Ta kuma yi karatun zane a Beijing, tana da hannu a zanen gargajiya da rubutun buroshi, har ma ta ci abinci da wannan sana'a. Ba ta yi aure ba.

Bayan kafuwar Jamhuriyar Jama'ar Sin a 1949, gwamnati ta mai da dabarun faɗa wasannin motsa jiki masu gasa da maki. Jianyun ta yi alƙalanci a gasannin ƙasa, a 1957 kuma aka buga littafinta a kan salon gidansu. Zamanin Juyin Al'adu, daga 1966 zuwa 1976, koyarwar gargajiya ta shiga tasku, ita ma ta sha wuya. Da ƙura ta lafa ta dawo fili: a 1983 aka kafa ƙungiyar nazarin salon Sun a Beijing ita ce shugaba, a 1995 aka sa ta cikin manyan malaman dabarun faɗa goma na ƙasar.

Salon da ta koyar

Mai kallo zai fara lura da ƙafafu. In ƙafar gaba ta taka, ta baya sai ta biyo ta ta tsaya kusa da ita. In an ja da baya, ta gaba ta janyo. Ba a durƙusawa ƙasa sosai kamar a salon Chen, jiki a miƙe yake. Duk lokacin da za a sauya fuska, ana kawo tafukan hannu gaban ƙirji suna kallon juna, a buɗa su zuwa faɗin kafaɗa ana shaƙar numfashi, a mai da su zuwa faɗin fuska ana fitarwa. Jerin gargajiya yana da motsi 97, na gasa kuma 73. Saboda bai takura gwiwa ba, tsofaffi sun karɓe shi, kuma a kansa likita Paul Lam na Ostareliya ya gina shirinsa na masu ciwon gaɓoɓi. Wasu masana na ganin wannan farin jinin ya sa an manta cewa taka-bi-takan nan asalinsa dabarar cim ma abokin karawa ce, kuma suna da hujja.

Gado

A al'adar waɗannan gidaje, gado yana bin jini, yana kuma bin almajirci: ɗalibi ya rusuna gaban malami, ya miƙa masa shayi, a rubuta sunansa cikin silsila. Gidan Sun ya bi hanyoyin biyu. Yayanta Sun Cunzhou (1893–1963), wanda aka fi sani da ƙwarewa a karawa ta zahiri, ya bar 'ya'ya mata da suka ci gaba da koyarwa, cikinsu akwai Sun Shurong da Sun Wanrong. Ita kuwa Jianyun, da ba ta da ɗa, ta naɗa almajirinta Sun Yongtian magaji. Sunan gida ne kawai ya zo ɗaya, ba su haɗa jini ba. Rassan biyu suna da 'yan bambance-bambance a yadda ake yin wasu motsi, kowanne kuma yana jingina nasa ga Sun Lutang. Ta rasu a Beijing cikin watan Oktoba na 2003.