Hodar Iblis

Hodar iblis, ko koken, sinadari ne mai sa maye da ake tacewa daga ganyen koka, tsiron da aka fi nomawa a Kolombiya, Peru da Bolibiya. Bajamushe Albert Niemann ne ya ware sinadarin daga ganyen a wajen 1860. A 1884 wani likitan ido, Karl Koller, ya fara kashe zafin tiyatar ido da shi, kuma har yau likitoci kan yi amfani da shi jefi-jefi a aikin hanci.

A ƙwaƙwalwa, hodar tana hana jijiyoyi kwashe dofamin, sinadarin da ke da hannu wajen jin daɗi, bayan ya gama aikinsa, sai ya taru. Nan take mutum ya ji karsashi, surutu ya ƙaru, barci da yunwa su gudu, ƙwayar ido ta buɗe. Sai dai abin ba ya daɗewa: minti 15 zuwa 30 ga mai shaƙa, 5 zuwa 10 ga mai zuƙar hayaƙin nau'in da ake kira kirak. Daga nan kasala da ƙuncin rai su biyo baya, mutum ya sake nema. Wannan gajartar ce ke saurin jefa mutum cikin jaraba.

Babban haɗarin yana ga zuciya. Hodar tana tsuke hanyoyin jini, tana ɗaga hawan jini da bugun zuciya a lokaci guda, don haka ko matashi mai ƙoshin lafiya zuciyarsa na iya tsayawa, ko ya samu shanyewar ɓarin jiki, a karon farko ma. Mai yawan shaƙa kan yi haɓo, a hankali guringuntsin da ya raba ƙofofin hanci ya huje. Akwai kuma zargin mutane ba dalili, da jin kamar ƙwari na yawo ƙarƙashin fata. Haɗa ta da giya na ƙara wa zuciya nauyi, ga dillalai na gauraya ta da fentanil, wani maganin kashe zafi mai tsananin ƙarfi da haɗari, a Amurka da Kanada. Har yanzu babu wani magani da aka amince da shi don jarabarta, sai shawara da gyaran ɗabi'a.

Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1961 ta taƙaita amfani da ita ga likitanci da bincike, amma hukunci ya sha bamban. A Birtaniya mallakarta na iya jawo ɗaurin shekara 7, sayarwa kuwa rai-da-rai. Singafo ta tanadi kisa ga wanda ya yi safarar fiye da giram 30. Fotugal kuwa tun 2001 ta daina kai mai ɗan kaɗan na shan kansa kotu, sai gaban kwamiti, amma dillali yana nan da ɗauri.