Waiwaye: Daga Napster zuwa BitTorrent, wa ke riƙe da makullin hanya?

Duk lokacin da aka tashi gardamar wace manhaja ce ta fi wajen musayar fayil tsakanin kwamfuta da kwamfuta, sauri ake fara kawowa, sai yawan talla, sai nauyinta a kan na'ura. Ba laifi. Amma wanda ya bibiyi tarihin abin ya san akwai tambayar da ta riga waɗannan: ƙa'idar da manhajojin ke magana da juna da ita, a rubuce take kowa ya gani, ko tana kulle a aljihun kamfani ɗaya?

Napster ce ta buɗe fagen a 1999, aikin Shawn Fanning. Waƙoƙi na zaune a kwamfutocin jama'a, amma rajistar wa ke da me tana sabar kamfanin, wato babbar kwamfutarsa ta tsakiya. Nan ne lagonta. Kamfanonin waƙa na Amurka suka kai ƙara, kuma a Yulin 2001 aka kashe sabar, komai ya tsaya cak.

Gnutella ta ɗauki wata hanya. Justin Frankel da Tom Pepper suka sake ta a Maris na 2000, kamfanin AOL, mai Nullsoft ɗin da suke wa aiki, ya janye ta washegari. Sai dai bakin alƙalami ya riga ya bushe. Cikin 'yan kwanaki masu rubuta manhaja suka warware yadda take aiki, suka rubuta ƙa'idar a fili. Ba sabar tsakiya: ka tambayi maƙwabtanka, su tambayi nasu, har kusan zango bakwai. LimeWire da BearShare duk a wannan turba suka taso. Matsala biyu ta biyo baya. Tambayoyin kansu suka cushe hanya, sannan ga 'yan ci-ma-zaune. Wani bincike da Eytan Adar da Bernardo Huberman na cibiyar Xerox PARC suka yi a shekarar 2000 ya gano kusan kashi 70 cikin ɗari na masu amfani da Gnutella ba sa raba ko fayil ɗaya. Kowa miƙa hannu yake yi.

Kazaa, wadda ta fito a 2001, ta fi Gnutella sauri nesa ba kusa ba, domin tana zaɓar kwamfutoci masu ƙarfin layi su riƙe wa sauran rajista. To amma ƙa'idarta, FastTrack, a rufe take, sai da lasisi. A Fabrairun 2002 aka ga abin da hakan ke nufi. Masu amfani da Morpheus, wadda ke kan hanya ɗaya da Kazaa, suka wayi gari manhajarsu ta ƙi shiga. An sauya ƙa'idar an bar su a waje, saboda saɓani kan kuɗin lasisi. Ba kotu ce ta kore su ba, mai gida ne ya canza kwaɗo. Dole Morpheus ta yi ƙaura zuwa Gnutella. A ganina wannan ƙaramin lamari ya fi shari'ar Grokster ta 2005 (wata manhajar musayar fayil da ta sha kaye a kotun ƙolin Amurka) koyar da darasi, duk da shari'ar aka fi yayatawa.

Akasin haka ya faru da wata hanyar musayar, eDonkey. Kamfaninta ya rufe, ya amince da biyan dala miliyan 30 a 2006, amma hanyar ba ta mutu ba, domin tun 2002 akwai eMule, manhajar da kowa ke iya duba cikinta ya gyara. Ita ce ma ta zo da tsarin maki: wanda ya taɓa ba ka, sai ya matso gaba a layin jiranka.

Wanda ya fi tunkarar matsalar ci-ma-zaune gadan-gadan shi ne Bram Cohen, da BitTorrent a 2001. Fayil ake yankawa gutsi-gutsi, kowane yanki da lambar tantancewarsa, yadda gurɓatacce ba zai wuce ba. Kana saukewa kana bayarwa. Manhajarka na duba waɗanda suka fi turo maka, ta buɗe wa kamar huɗu daga cikinsu, bayan daƙiƙa goma ta sake lissafi. Cuɗe ni in cuɗe ka. Duk daƙiƙa talatin kuma sai ta buɗe wa wani can ba don ya ba ta komai ba, saboda sabon shiga da ba shi da ko yanki ɗaya ya samu abin fara ciniki. Sannan yankin da ya fi ƙaranci shi ake fara nema, don kar ya ɓace idan mai shi ya kashe kwamfuta. Da ka buɗe shafin abokan musaya a manhajarka za ka ga abin da buɗaɗɗiyar ƙa'ida ta haifar: wannan qBittorrent, wancan Transmission, ga Deluge, ga µTorrent, kowa da maƙerinsa, duk suna jan fayil ɗaya ba tare da neman izinin kowa ba.

Buɗewar ba ta hana rigima ba. A 2005 Azureus, ɗaya daga manhajojin BitTorrent, ta fito da nata tsarin gano abokan musaya ba tare da sabar da ke haɗa su ba, manhajar Cohen ta fito da nata, biyun kuma ba sa jin yaren juna. Sai a 2008 aka fara tsarin rubuta shawarwarin gyaran ƙa'idar a bainar jama'a, kowacce da lambarta. Can a Gnutella ma an yi irinta, lokacin da Michael Stokes, maƙerin manhajar Shareaza, ya kira sabuwar ƙa'idarsa Gnutella2, sauran suka ce sam ba da sunansu ba.

Haka kuma buɗewar ba ta zama adalci kai tsaye ba. Ƙa'ida ta ce ka bayar, amma ba ta da ɗan sanda. Masu bincike a Zurich sun ƙera BitThief a 2006, suka nuna ana iya sauke fayil cikakke ba a tura ko ƙwaya ba, ta hanyar bin kyautar nan ta sabon shiga daga mutane da yawa. A jami'ar Washington aka yi BitTyrant, mai bayar da daidai abin da zai sa a buɗe mata, ba ƙari.

Sai masu layin intanet. A 2007 aka gano kamfanin intanet na Amurka, Comcast, na tura saƙon bogi mai katse musayar BitTorrent. Hukumar sadarwa ta Amurka ta tsawata masa a 2008, kotu ta ce a 2010 hukumar ba ta da hurumi. Masu manhaja dai sun san suna cinye layi, shi ya sa suka fito da uTP, wadda ke ja da baya da zarar ta ji hanya ta fara cunkoso, har dabarar ta samu shiga kundin ƙa'idojin intanet a 2012.

A 2015 aka samu µTorrent na zuwa da wata manhajar haƙar kuɗin kirifto a maƙale da ita. Mutane suka fusata, da dama suka goge ta suka ɗora qBittorrent ko Transmission. Fayilolinsu na nan, abokan musayarsu na nan, saukewar da aka bari a rabi ta ci gaba daga inda ta tsaya.