Gogewar rumbun bayanan GitLab a 2017

Gogewar rumbun bayanan GitLab wani haɗari ne da ya faru a daren 31 ga Janairu, 2017, lokacin da wani injiniyan kamfanin GitLab ya share babban rumbun bayanan shafin GitLab.com bisa kuskure. Kamfanin na ba masu rubuta manhaja wurin ajiye ayyukansu, kuma a lokacin sabobinsa, wato kwamfutocin da ke riƙe da shafin, na kan gajimaren Microsoft Azure, inda ake hayar kwamfutoci ta intanet.

Rumbun na manhajar ajiye bayanai ta PostgreSQL ne, a kan saba biyu: babba, da ta biyu mai kwafar duk abin da aka rubuta a babbar. A daren, cunkoson da masu aika saƙonnin banza suka jawo ya sa ta biyun ta kasa bin sahu. Injiniyan ya yi niyyar wanke ta biyun domin a sake kwafa daga farko, sai ya buga umarnin gogewa a babbar. Daƙiƙa ɗaya ko biyu ya farga ya tsayar, amma aikin gama ya gama: cikin kusan gigabait 300, kimanin 4.5 ne suka rage.

Abin da ya sa ake yawan kafa misali da wannan lamari shi ne halin da aka tarar da kwafin ajiya. A takarda akwai hanyoyi biyar, da aka duba babu wadda ke aiki yadda aka zata. Wadda ke kwafe rumbun kullum zuwa ma'ajiyar intanet ta Amazon S3 ta daɗe da tsayawa, domin tana amfani da pg_dump, manhajar kwafe rumbun PostgreSQL, na sigar 9.2 alhali rumbun sigar 9.6 ne. Saƙonnin imel masu sanar da wannan gazawa kuwa ba sa isa, ana mayar da su a hanya, don haka babu wanda ya sani. Hoton faifai na Azure, wato kwafin duk abin da ke kan faifai a wani lokaci, shi ma ba a kunna shi a sabobin rumbun ba. Ita saba ta biyu, an riga an wanke ta.

Sa'a ce ta cece su. Kimanin awa shida kafin haɗarin an ɗauki hoton faifan da hannu domin gwaji, kuma daga shi aka dawo da rumbun. Kwafowa ta ci kusan awa 18 saboda faifan sabar gwajin ba shi da sauri, kamfanin kuwa ya riƙa nuna aikin kai tsaye a YouTube.

Abin da aka rubuta cikin waɗancan awannin ya tafi ke nan. Rahoton kamfanin ya ƙiyasta cewa asarar ta shafi ayyuka kusan 5,000, sharhi kusan 5,000 da sababbin asusu kimanin 700. Ma'ajiyoyin Git, inda ainihin rubutun manhajojin yake, da shafukan bayani na wiki ba su taɓu ba, domin a wani wuri dabam ake ajiye su.