Tarihin umarni a shel

Tarihin umarni shi ne jerin umarnin da mutum ya riga ya buga a shel, wato manhajar da ke karɓar rubutaccen umarni a kwamfutocin Unix da Linux. Shel ɗin Bourne na 1979 bai zo da shi ba. Bill Joy ne ya kawo shi a csh, wani shel da ya rubuta a Berkeley ta Amurka a ƙarshen shekarun 1970, tare da alamar ! ta kiran tsohon umarni. Bash, shel ɗin da Brian Fox ya fitar a 1989 don aikin GNU na samar da manhajojin da kowa ke da 'yancin amfani da su, ya gaji wannan salo.

A Bash, !! na maimaita umarnin ƙarshe, shi ya sa ake yawan buga sudo !! idan an manta neman izini, domin sudo ne ke gudanar da umarni da izinin mai kula da kwamfuta. !$ na ɗauko kalmar ƙarshe ta layin baya, Ctrl+R kuma na lalubo tsohon umarni da zarar an fara buga wani yankinsa.

Inda ake yawan ruɗewa shi ne ajiya. Bash na riƙe tarihin a ƙwaƙwalwa, layi 500 idan ba a canza saitin HISTSIZE ba, kuma sai an rufe shel yake zuba shi a fayil ɗin .bash_history. Ɗalibin da ke aiki da kwamfutar tebur a Samaru, aka ɗauke wuta, umarnin wannan zaman duk sun tafi. Maganinsa a sa history -a a cikin PROMPT_COMMAND, wato saitin da Bash ke gudanarwa bayan kowane umarni, don kowane layi ya shiga fayil nan take. Kwamfutar da ake tarayya a kanta kuwa, kalmar sirri da aka buga a layi tana nan zaune ga mai zuwa. Idan an sa ignorespace a saitin HISTCONTROL, layin da ya fara da sarari ba ya shiga tarihi.

Duk wannan don mai bugawa da hannu aka yi. A cikin sikirif, wato fayil mai jerin umarnin da shel ke gudanarwa da kansa, Bash na kashe tarihi da faɗaɗa alamar !, wato maye gurbinta da tsohon umarni. Shi ya sa layi mai ɗauke da ! a tsakanin alamun zance biyu-biyu kan wuce lafiya a sikirif, amma a taminal, tagar da ake buga umarni da hannu, ya jawo kuskuren event not found. Alamar zance ɗai-ɗai ce ke kare shi. Ana iya kunna tarihi da faɗaɗa ! a sikirif da set -o history da set -H, sai dai ba dabara ba ce, domin sikirif ɗin da ya dogara da tarihi yana wahalar karantawa da gyarawa.