Waiwaye: Munshari, Barcin Rana da Takardar Tambayoyi

Har yanzu ana jayayya kan ko ya kamata a riƙa tantance kowane baligi da 'yan tambayoyi don gano masu ɗaukewar numfashi a cikin barci. A 2017, sannan a 2022, kwamitin ƙwararru kan rigakafi na Amurka ya ce hujjojin da ke hannu ba su isa a yanke hukunci ba. Wannan magana ba yau ta faro ba.

Tun 1965 likitoci a Faransa da Jamus suka nuna yadda numfashin wasu ke tsayawa suna barci. A 1981 likita Colin Sullivan ya fito da na'urar CPAP a Ostareliya, mai hura iska ta hanci don kada hanyar numfashi ta toshe ana barci. Magani ya samu, amma gano cutar sai mutum ya kwana a ɗakin gwaji, wayoyi manne a kai da ƙirji. Tsada da dogon layi suka kawo takardun tambayoyi: Epworth a 1991, Berlin a 1999, STOP-Bang a 2008.

Abin da ake yawan tsallakewa shi ne 1993. A shekarar aka fitar da binciken jihar Wisconsin ta Amurka, inda aka auna barcin ma'aikata 602 masu shekara 30 zuwa 60, ba waɗanda ciwo ya kai asibiti ba. Maza 24 cikin 100 da mata 9 cikin 100, numfashinsu na tsayawa ko raguwa aƙalla sau biyar a awa. Amma waɗanda hakan ya haɗu musu da yawan gyangyaɗi da rana, maza 4 ne cikin 100, mata 2. Ke nan mafi yawansu ba su da gyangyaɗin da za a tambaye su a kai. Ga kuma mata da yawa fiye da yadda aka saba gani a asibiti.

A ganina nan gizo ke saƙar. Hoton da ya zauna a zukata shi ne ƙaton namiji mai kaurin wuya, yana munshari, yana gyangyaɗi a zaune. Tambayoyin suna kama irinsa, kuma suna da amfani sosai kafin tiyata, wadda dominta aka tsara STOP-Bang. Matar da ta zo da ciwon kai da safe, kasala da rashin barci kuwa, sau da yawa makinta kan gaza. Haka mai kwana shi kaɗai: in aka tambaye shi ko an taɓa ganin numfashinsa ya ɗauke, wa zai ba shi labari?