Me ya haɗa soja da koyar da ɗinki a Malam Sidi?

A Malam Sidi, cikin ƙaramar hukumar Kwami ta jihar Gombe, akwai sansanin da ake kai 'yan Boko Haram da suka miƙa wuya. Tambayar da ake yawan yi a majalisa da tashar mota ita ce: sojan da aka ba bindiga, ina ruwansa da koya wa tsohon ɗan ta'adda ɗinki da kafinta?

Sashe na 217 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa soja kare ƙasa daga harin waje, da tsare iyakokinta, da murƙushe tawaye tare da taimaka wa hukumomin farar hula wajen maido da doka idan shugaban ƙasa ya ba da umarni. Sashen yana nan yadda yake. Fahimtar da soja suka yi wa yaƙi ce ta sauya.

A yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 akwai fagen daga, abokin gaba yana sanye da kaki, a ci gari a kafa tuta. Da wannan tunanin aka daɗe ana horar da dakaru. Sai ga harin da Boko Haram ta kai ofishin 'yan sanda na Dutsen Tanshi a Bauchi ranar 26 ga Yuli, 2009, sannan fasa gidan yarin Bauchi a Satumbar 2010, inda fursunoni sama da 700 suka tsere. Maharin ba shi da kaki, a unguwa yake kwana, tankar yaƙi kuwa ba ta iya bambance shi da maƙwabcinsa.

Daga nan aka yi dokar yaƙi da ta'addanci a 2011, aka kafa Runduna ta 7 a Maiduguri a 2013, sai shirin Operation Safe Corridor, na karɓar waɗanda suka miƙa wuya da ake yi a sansanin Malam Sidi, a 2016 ƙarƙashin hedikwatar tsaro. Lissafin shi ne, yaron da aka sace daga ƙauyensu aka ɗora masa bindiga, in ya san mutuwa ce ke jiransa a waje, ba zai fito daga daji ba.

A ƙa'ida shirin ba afuwa ba ne. Ana fara tantancewa. Mai babban laifi kotu ce makomarsa, ƙarƙashin dokar ta'addanci da aka sabunta a 2022. Waɗanda aka ga laifinsu bai kai nan ba su ake kawowa sansanin, malamai su warware musu gurɓatacciyar aƙida, a koya musu sana'a, su yi rantsuwa, a miƙa su ga gwamnatocin jihohinsu.

Ina ganin hikimar wannan, amma tantancewar ce ke damuna, domin a rufe ake yin ta. Matar da aka kashe wa miji, da ke zaman gudun hijira har yau, tana da haƙƙin sanin ma'aunin da aka bi aka ce wannan mutumin laifinsa kaɗan ne. Ya kamata Majalisar Tarayya ta rubuta ma'aunin a doka, ta kuma tanadi kason waɗanda aka zalunta.